Yadda ake koya wa ɗalibi makaho rubuta lissafi da birel

Ɗiyar ƙanwata tana da shekara tara ta fara ba ni kunya a lissafi. Muna zaune a zaure a Ƙofar Marusa mai awo ya kawo gero, kafin in gama laluben biro ta faɗi kuɗin tiya bakwai da rabi, har da canjin da za a maido. Tun tana goye ba ta gani. Kowa a gidan ya ce ai wannan ta gama da lissafi, ni ma da nake koyar da shi a ƙaramar sakandare na yarda. Ranar da na ce ta rubuta mini yadda ta yi, sai ta ce, "Kawu, ai a kaina yake." Mai duba takardar jarrabawa kuwa ba ya leƙa kan kowa. Hanyar da aka bi yake ba maki, kuma da zarar an shiga aljabara kai ba ya iya riƙe layi shida a lokaci guda. Dole na zauna na koyi rubutun makafi, wato birel, ina da furfura, don in sa hannunta ya kamo kanta. Ga yadda muka bi, ga malami ko yaya ko uwa mai irin wannan ɗalibi a gida.

Mataki na farko: gida mai ɗigo shida

Duk rubutun nan a kan gida ɗaya ya tsaya, mai gurbin ɗigo shida, uku a hagu uku a dama. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama 4, 5, 6. Siffofi 63 kacal ake iya fitarwa daga ciki, kuma da su za a rubuta harafi da lamba da duk wata alamar lissafi. Shi ya sa siffa ɗaya take aiki biyu ko uku, abin da ya gabace ta ne ke faɗin wane aiki take yi. Louis Braille, Bafaranshen da ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15, ɗan baduku ne, kuma da abin huda fata na mahaifinsa ya tsone idonsa yana shekara uku.

Kada ka fara da takarda. Ka samo kiret ɗin ƙwai ka yanke gurbi shida, ka tsayar da shi uku-uku, ka ba ɗalibi duwatsu ko murafen kwalba. Ka ce "ɗaya, huɗu, biyar", ya zuba, sannan kai ka zuba shi ya shafa ya faɗa. Yaran da suka taɓa yin dara a ƙasa nan da nan suke kamawa. Sai sunayen gurabun sun zauna masa kamar sunayen 'yan gidansu za ku wuce, domin daga nan har jami'a da waɗannan lambobi za ku riƙa magana. A rubutun nan zan sa kowane gida cikin baka, kamar [1-4-5].

Mataki na biyu: gane wane tsari ne a hannunka

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ɓata wa yara shekaru. Tsarin rubuta lissafi da birel ba ɗaya ba ne, littattafan da ke yawo a hannun ɗalibanmu kuma galibi kyauta ce daga wurare daban-daban. Uku za ka ci karo da su. Akwai UEB, tsarin bai-ɗaya na ƙasashe masu aiki da Ingilishi, wanda Najeriya ta karɓa tun 2005. Akwai tsohon tsarin Ingila, wanda malamai da yawa da suka yi karatu kafin nan suka tashi da shi. Sai na Nemeth, wanda Abraham Nemeth, makaho malamin lissafi a Amurka, ya fitar a 1952, har yau kuma ana aiki da shi sosai can.

Gane su ba wuya. Buɗe shafin da ke da tarawa, ka nemi alamar lamba [3-4-5-6], ka shafa gidan da ke binta. In ɗigogin sun zauna a ƙasa, layin sama babu komai, Nemeth ne. In suna sama, sai ka duba abin da ya gabaci alamar tarawa: ɗigo 5 shi kaɗai UEB ne, ɗigo 5-6 tsohon na Ingila ne. Ka rubuta sunan tsarin a bangon littafin da birel da kuma biro.

Shawarata a tsaya a kan UEB har ya zauna daram. Dubi irin rikicin da gauraya ke kawowa: [2-5-6] lamba 4 ce a Nemeth, a UEB kuwa ɗigon desimal ne. [2] waƙafin raba dubbai ne a UEB, amma a tsohon na Ingila shi ne ɗigon desimal ɗin. Yaron da ke shan littafi biyu lokaci guda zai karanta 2,500 a matsayin biyu da rabi, a ce ba ya ƙoƙari. Duk abin da ke tafe na UEB ne.

Mataki na uku: lambobi, da abokan gaba guda shida

Birel ba shi da siffofin lamba na kansa, haruffa goma na farko yake ara. A sa alamar lamba [3-4-5-6], sai a ya zama 1, b ya zama 2, har j ya zama sifili. Ga su: 1 [1], 2 [1-2], 3 [1-4], 4 [1-4-5], 5 [1-5], 6 [1-2-4], 7 [1-2-4-5], 8 [1-2-5], 9 [2-4], 0 [2-4-5]. Alamar sau ɗaya ake sa ta a farkon lamba komai tsawonta. Waƙafi da ɗigon desimal ba sa karya ta, amma fili ko wata alama suna karya ta, sai an sake sawa.

A cikin goman nan akwai shida da suke bi-biyu, kowace juyin 'yar uwarta ce: 4 da 6, 5 da 9, 8 da 0. Nan yara suke zubewa, musamman masu rubutu da allo da tsinke, domin a allo daga dama ake farawa zuwa hagu kamar ajami, ana huda bayan takarda, sai an juya ta a karanta. Naira 500 da aka juya kowane gida nata ta koma 988. Kada ka ce wa ɗalibi "ka juya harafin a ranka", wannan maganar ita ke haifar da ciwon. Ka ce masa ɗigo 1, 2, 3 kullum suna gefen da ake farawa: in karatu ne hagu, in rubutu ne a allo dama. Ya riƙa kiran ɗigogin a baki yana hudawa. Mu mako biyu muka yi a kan shidan nan kawai, ina ba ta lambobi irin 4096 da 8550, ba na ƙara komai.

Akwai wani tarko kuma da harshenmu ke ɗanawa. Muna cewa "ɗari biyu da biyar", ba wanda ya ambaci sifili. Yaro mai gani ya sha ganin 205 a jikin mota da bango, makaho bai taɓa ba, sai ya rubuta 2005 ko 25. Ka ba shi lambobi masu sifili a tsakiya da yawa, kuma ka haɗa da kuɗi tun da wuri. UEB yana da alamar naira tasa, [4] [1-3-4-5], kafin alamar lamba. Naira 1,500 ke nan: [4] [1-3-4-5] [3-4-5-6] [1] [2] [1-5] [2-4-5] [2-4-5].

Mataki na huɗu: alamomin aiki

Duka biyar ɗin gida biyu-biyu ne, kuma da ɗigo 5 suke farawa. Tarawa [5] [2-3-5], ɗebewa [5] [3-6], ninkawa [5] [2-3-6], rabawa [5] [3-4], daidai da [5] [2-3-5-6]. Ɗigo 5 ɗin ba ado ba ne: in an manta shi, tarawa ta koma alamar motsin rai, ninkawa ta koma alamar tambaya. Ba a barin fili a gefen alamomin aiki, amma ana barin fili kafin "daidai da" da bayanta. Don haka 3+4 = 7 zai fito: [3-4-5-6] [1-4] [5] [2-3-5] [3-4-5-6] [1-4-5], fili, [5] [2-3-5-6], fili, [3-4-5-6] [1-2-4-5]. Ka lura alamar lamba ta dawo har sau uku. Ga ƙaramin yaro ba laifi a bar fili ko'ina da farko, daga baya a matse. Baka biyu na lissafi su ma haka: buɗewa [5] [1-2-6], rufewa [5] [3-4-5].

Mataki na biyar: kaso, desimal da kashi cikin ɗari

Nan na fi jin daɗin koyarwa, saboda ɗan Katsina ya san kaso tun kafin ya je boko. Ya ji rabi da rubu'i da sulusi da tumuni a wurin rabon gado, ya ji ushirin zakkar hatsi. Da su za ka fara, ba da yankan kek na littafi ba. Kaso mai lamba sama lamba ƙasa sauƙi gare shi: alamar lamba, ta sama, [3-4], ta ƙasa, ba tare da sake alamar lamba ba. Tumuni, ɗaya bisa takwas: [3-4-5-6] [1] [3-4] [1-2-5]. Biyu da rabi kuwa alamar lamba biyu yake ci, ɗaya ta biyun, ɗaya ta rabin, manne da juna. In ka shafa tsohon littafin Ingila za ka ga ba layin raba, lambar ƙasan kawai aka saukar zuwa ƙasan gida. Ɗalibi ya san da haka don ya iya karantawa, amma kada ya rubuta.

Ɗigon desimal shi ne aya, [2-5-6]. Kashi cikin ɗari [4-6] [3-5-6]. Zakkar kuɗi, 2.5%, ta haɗa su duka: [3-4-5-6] [1-2] [2-5-6] [1-5] [4-6] [3-5-6]. Digirin kusurwa [4-5] [2-4-5] ne bayan lamba.

Mataki na shida: aljabara, inda shafi ke komawa layi

Mai gani yana gane lissafi daga inda abu ya zauna: wannan a sama, wancan a ƙasa, ƙaramar lamba ta ɗare a kafaɗar harafi. Yatsa ba ya ganin shafi, gida ɗaya yake taɓawa a lokaci, a kan layi ɗaya. Saboda haka duk abin da ido ke ganewa daga wuri, a birel sai an faɗe shi da alama: ga inda ya fara, ga inda ya ƙare. In ɗalibi ya kama wannan, sauran hadda ce.

Fara da [5-6], alamar da ke cewa "abin da ke tafe harafi ne ko alamar lissafi, ba lamba ba, ba kuma taƙaitacciyar kalma ba". Tunda a har j su ne lambobi, 2a ba tare da ita ba 21 ne, 3b kuma 32. Sai a rubuta [3-4-5-6] [1-2] [5-6] [1]. Amma 2x ba ya buƙatarta, x ba ya cikin goman farko. Wanda ya koyi birel ɗin Ingilishi mai taƙaita kalmomi yana da ƙarin aiki, don a wurinsa x da ke tsaye shi kaɗai kalma ce guda, sai an sa masa [5-6] ya koma x. In layin ya cika da irin waɗannan, a sa [5-6] sau uku a farkon aikin, a rufe da [5-6] [3] a ƙarshe, a huta.

Lambar kafaɗa alamarta [3-5], ta ƙasan harafi [2-6]. Bayan lamba kai tsaye ake sa ta, bayan harafi kuwa sai da [5-6] a gaba. Wato x mai 2 a kafaɗa: [1-3-4-6] [5-6] [3-5] [3-4-5-6] [1-2]. Abu ɗaya tak alamar ke ɗagawa. In abin da ke kafaɗar ya fi ɗaya, kamar n+1, sai an ɗaure shi tsakanin [1-2-6] da [3-4-5], in ba haka ba n kaɗai ya hau, 1 ya faɗo ƙasa, amsa ta canza.

Kason da ke da harafi ko tarawa a ciki yana da ƙofa da ƙyaure: buɗewa [1-2-3-5-6], layin tsakiya [4-6] [3-4], rufewa [2-3-4-5-6]. Tushen lamba, abin da malamai ke ce wa sikwaya rut, shi ma haka: [1-4-6] a buɗe, [3-4-6] a rufe. Mantuwar rufewa ita ce kuskuren da zai fi maimaituwa. Na saba mata ta ƙirga ƙofofin da ta buɗe kafin ta bar layi, kamar mai rufe gida da dare.

Wannan ya shafi bakinka kai mai koyarwa. "Wannan a kan wancan" ba magana ba ce a wurin wanda ba ya ganin allo. Ko "x a tara da ɗaya bisa biyu" fuska biyu gare ta: rabin ne aka tara wa x, ko duka aka raba biyu? Ka ce "buɗe kaso, x a tara da ɗaya, bisa biyu, rufe kaso". Da na fara magana haka a aji, masu ganin ma kurakuransu suka ragu.

Mataki na bakwai: inda ake yin aikin da inda ake rubuta shi

Allo da tsinke arha ne kuma yana shiga aljihu, amma ba ya jera lissafi sama da ƙasa, don ba ka jin abin da ka rubuta sai ka cire takarda ka juya. Keken Perkins, keken buga birel da ake ƙerawa tun 1951, shi ya warware wannan: ɗigogi sama suke fitowa, ɗalibi na iya komawa layin baya ya shafa. A wurin bugawa manunin hannun hagu ke danna ɗigo 1, na tsakiya 2, mai bi masa 3, hannun dama kuma 4, 5, 6. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. In makaranta tana da shi, a nema wa ɗalibi lokaci a kai ko sau biyu ne a mako, a keɓe lokacin ga lissafi.

Wanda ba shi da keke sai ya raba aiki biyu: ya yi ƙidaya a abakus, ya rubuta matakai a allo, kowane mataki a sabon layi yana farawa da "daidai da". Abakus na makafi, mai sunan Cranmer, sanduna 13 gare shi, da shimfiɗa mai laushi a baya don kada ƙwayoyin su zame. Kowace sanda tana da ƙwaya huɗu a ƙasa, kowace ɗaya, da guda a sama mai darajar biyar, kuma sai an turo ƙwaya jikin sandar tsakiya take ƙirguwa. Gwada 8+5: sa biyar da uku a sandar dama. Babu wani biyar da za ka ƙara, don haka ka tura ɗaya a sandar gomomi, ka janye biyar ɗin. Ka shafa: 1 da 3. Hannun da ya saba jan carbi ba ya daɗewa a nan.

Wasu makarantu har yanzu suna da allon Taylor, mai ramuka masu kusurwa takwas da 'yan turaku da ake juyawa. Yana da kyau wajen nuna yadda masu gani ke jera doguwar rabawa, amma alamominsa ba birel ba ne, hadda ce ta daban. Tsofaffin turakun da dalma ake yin su, kada yaro ya sa a baki, kuma ya wanke hannu.

Zane ba sai an sayo komai ba. Zare da gam a kan kwali, tsinken tsintsiya, ƙusoshi a jikin katako da robar ɗaure kuɗi, duk suna fitar da kusurwa da layi. Ka rage tarkace, abu biyu ko uku a zane ɗaya, kuma ka fara ba shi ainihin abin a hannu, gwangwanin madara ko kwalin ashana, kafin zanensa.

Ga wasu ƙananan abubuwa da ba a rubuta su a littattafan waje. Hunturun Katsina yana busar da yatsa har ya daina jin ɗigo sosai, sai a shafa man kaɗanya da dare, ba dab da karatu ba, don maiƙo na ɓata takarda. Da damina takarda takan yi laushi ɗigogi su kwanta, a jera littattafai a tsaye, kada a ɗora komai a kai, a nisanta su daga ƙasa saboda gara. In takardar birel ta yanke, tsohuwar kalanda ko kwalin fayil suna riƙe ɗigo. Minti ashirin kullum bayan la'asar ya fi awa uku ranar Asabar.

Mataki na takwas: shirin jarrabawa

Za a sami mai ce maka a cire masa lissafi kawai, ai makaho ba ya yi. Kada ka yarda da wuri. Yawancin kwasa-kwasan jami'a da kwalejojin ilimi suna neman kiredit a lissafi, cirewar na rufe ƙofofi ne tun yaro bai san da su ba. Nicholas Saunderson, wanda agana ta makantar yana jariri, a 1711 ya hau kujerar farfesan lissafi a Kambirij, kujerar da Newton ya taɓa zama. A nan gida kuma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi haƙƙinsu na ilimi.

Tun lokacin rajistar WAEC ko NECO a tabbatar makaranta ta rubuta cewa ɗalibin da birel zai yi, kada a bari sai ana saura mako. A tambayi tsarin da takardar za ta zo da shi. In akwai alamar tsohon na Ingila ne, a ware wata guda a koya masa karanta bambancin, ba su da yawa. JAMB tana da shiri na musamman ga makafi tun 2017, da cibiyoyi da aka keɓe, har da Kano. Malaman makarantar makafi ta Katsina da tsofaffin ɗalibanta da suka riga suka zauna jarrabawar su ne za su gaya maka yadda abin yake a ɗaki, ka neme su.

Wata uku kafin ranar, a koma aiki da agogo, da tsofaffin tambayoyi. Ya saba sa lambar shafi da sunansa a saman kowace takarda, lambar tambaya a layinta ita kaɗai, ya bar layi ɗaya tsakanin amsa da amsa. In ya yi kuskure kada ya tsaya murje ɗigo da farce, ya cike gidajen da ɗigo shida-shida ya sake rubutawa a gaba. Ya tafi da takarda fiye da yadda yake zato, don lissafi na cin wuri, da tsinke biyu. Ɗiyar tawa ɗaya ta sa a jaka, ɗayan ta ɗaure shi da zare a bakin hijabinta.